Masu Gida a Cikin Firinta

Magariba ta kawo jiki a Lafiya, kaji sun shige akurki, lokacin da Babandi ya jona firintar.

Wata bakwai ke nan tana jibge a lungun ɗaki. Tun da bairos ya cinye masa ayyukan mutane ya fusata ya sa wa kwamfutarsa sabon tsarin aiki mai suna Linux, shi kuma Linux ya ce sam bai san wannan firintar ba. Babandi kuwa akwai taurin kai. Ya yi ta zarya shagon intanet har ya samo 'yar manhajar da za ta haɗa su. Don ɗoki ko bisimilla bai yi ba. Firintar ta ɗau zafi, ta turo takarda ɗaya. A tsakiyarta akwai shatin wani mitsitsin tafin hannu, ƙonanne.

Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufin ɗakin. Sai wani. Aka leƙa, ba kowa.

'Yarsa Munira, wadda ke buga wa mutane takardu, ta ƙwalla ƙara. Hannunta na dama ya dunƙule, ya ƙi buɗuwa. Kwana uku ba ta ce uffan ba. Da rana ta faɗi sai a ji kukan jariri a cikin firintar. Tsoro ya cika gidan, har abinci ya gagara ci.

Ran na huɗu aka ɗauko Malam Ɗanmusa mai ruƙiyya daga Keana. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Munira ya buɗe da muryar da ba tata ba.

"Ɗaki muka tarar an yasar, muka shiga. Na kwantar da ɗana, mutumin nan ya hura mana wuta ba sallama. Hannu a bakin hannu!"

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah, yarinya ba ta ci miki komai ba."

Muryar ta sake fitowa.

"To ya bar mana gidanmu."

Babandi ya dubi wahalarsa ta wata bakwai, ya dubi 'yarsa. "Na bar muku, wallahi. Ku sakar min ita."

Ya goge manhajar, ya kinkimi firintar ya kai gindin tsamiyar bayan gida. Munira ta yi atishawa sau uku. Yatsunta suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ban da ƙaramin. Shi har yau a lanƙwashe yake.

Babandi ya ɗauko takardar nan, ya ƙirga yatsun da ke jiki. Huɗu ne.