Sirrin Cikin Riga

Da Auta ta ce za ta faɗa masa, sai Umma ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Ki faɗa masa me?"

"Gaskiya, Umma. Cewa za a yi mini aiki, da dalilin aikin."

Umma ta cire tabarau ta ce ai an riga an gama magana. Za a ce ta tafi hutu wurin Goggo, a yi aikin, ta warke, ta dawo a ci gaba da shirin aure. Wace budurwa ce ke zama gaban saurayi ta kama zancen ƙirjinta? Ko kunya ta ƙare a duniya ne?

Abin ya faro ne tun Auta na makaranta. Da jikinta ya fara sauyawa, nononta na dama ya girma ya bar na hagu can baya. Aka ce zai daidaita da kansa, bai kuwa daidaita ba. Umma tela ce, ba ta yi dogon surutu ba. Ta samo soso da ƙyalle mai laushi, ta ɗinka wani abu kamar ƙaramin matashi ta liƙa a ɓangaren hagu na rigar nono. Ko shanyar Auta a cikin ɗaki ake yi. Ban da su biyu, Yaya kaɗai ta sani.

Yanzu Auta malama ce a firamare. Kafaɗarta ta dama kullum ciwo, sosan kuma yana sa mata ƙuraje lokacin zafi. Likitar da ta duba ta ta yi bayani dalla-dalla. Ba cuta ba ce, mata da yawa suna da ɗan bambanci, nata ne dai ya yi yawa. Za a rage na daman ya zo kusa da ɗan'uwansa. Tabo zai kasance, kuma shayarwa na iya yin wuya a wannan ɓangaren.

Maganar shayarwar ce ta tsaya wa Auta a rai. Ƴaƴan da za a haifa ai na saurayinta ne shi ma. Ba ta son shiga gidansa da ƙulli a zuciya, amma kuma tana tsoron ya ji ya ja da baya.

Umma ma abin da take tsoro ke nan. Saurayin kafinta ne, mutumin da ko hoton bango ya gani a karkace sai ya miƙe ya gyara. Yaya ta ce ranar da ya zo gaishe da Umma, ƙarshenta a ƙarƙashin tebur aka same shi yana saita masa ƙafa. Suka yi dariya, ban da Umma.

"To mai irin wannan idon za ki kai wa wannan labarin?"

"Idan zai gudu, Umma, gara ya gudu yanzu."

Washegari bayan an tashi daga makaranta, Yaya ta raka ta shagonsa, ta zauna a benci bakin ƙofa. Ciki duk ƙamshin sabon katako. Yana haɗa ƙofar sif ɗin da za a saka a ɗakinsu, fensir a bayan kunne. Da ya gan ta ya washe baki, ya kaɗe mata kujera da hularsa.

"Sanyin idona, yau wace rana? Ko kin zo duba aikin ɗalibinki ne?"

Auta da ke iya yi wa aji guda bayani ba gargada, yau harshe ya ƙi. Ta yi ta kewaye. Ta ce akwai abin da ta ɓoye masa game da lafiyarta. Ta ga likita. Za a yi mata aiki... a ƙirji.

Ya ajiye gudumar a hankali. Ya tambaye ta tun yaushe abin yake, ta ce tun tana makaranta. Sai kawai ya zauna a ƙasa, cikin garin katako, ya dafe kai.

Tsoron kanta ya sa Auta ta manta da abu guda. Mahaifiyarsa ciwon dajin nono ne ajalinta, kuma ita ma ɓoyewa ta yi saboda kunya, har sai da lokaci ya ƙure. Shi kuwa yana jin likita, aiki, ƙirji, can zuciyarsa ta tafi.

Ya ce za a jawo auren kusa, ba zai jira komai ba. Shi zai riƙa kai ta asibiti, shi zai kwana yana jinya. An bar shi a bayan ƙofa lokacin mahaifiyarsa, wannan karon ba wanda zai hana shi shiga.

Nan Auta ta gane. Ta ga kewaye-kewaye ba zai yi ba, ta rufe ido ta faɗa kai tsaye.

"Ba daji ba ne, wallahi. Ɗaya ne ya fi ɗaya girma. Shi ke nan."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan..."

Ya kwashe da dariya, hawaye na zuba. Yaya ta leƙo ta ce a faɗa mata kuka ake ko dariya, ta san wanda za ta taya.

Da ya natsu, ya tambaye ta ko saboda shi za ta shiga ƙarƙashin wuƙar likita, don in haka ne bai yarda ba. Ta ce a'a, don kanta ne, ta gaji da ciwon kafaɗa, ta gaji da ɓuya. Sannan ta faɗa masa maganar tabo da ta shayarwa, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ɗin nan da madarar gwangwani aka ƙarasa rainonsa, ga shi yana ɗaga ƙofa shi kaɗai. Da ta gaya masa tsoron Umma, sai ya juya kansa hagu da dama.

"Rabin raina, katako nake yi wa awo, ba mutane ba. Kin taɓa duba kunnuwana? Wannan na fensirin ya fi ɗayan buɗewa, kuma ba ki gudu ba."

Umma dai ta yi fushi. Ranar ko abinci ba ta ci ba, ta yi ta taka keke kamar keken ne ya yi laifin. Da yamma saurayin ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta. Bai ambaci zancen ƙirjin ba, don kada ya kunyata ta. Ya gode mata kawai da ta raini ƴa mai faɗin gaskiya, ya kuma nemi izinin zama tare da su a asibiti ranar aikin. Umma ta daɗe tana juya zare a yatsa. Ta ce ita duk tsawon shekarun nan rufa wa ƴarta asiri take yi, ba ta san ta rufe ta da nauyi ba. Auta ta kwantar da kai a kafaɗarta ta ce da ba don ɗinkin nan ba, da ba ta iya fita makaranta ba ma.

Ranar aikin ya yi ta safa da marwa a barandar asibiti, har Umma ta ce, "Zauna mana, ɗana, kana sa ni jiri." Yaya ta ce tun da ya ji "ɗana" ɗin nan ya zauna bai ƙara motsi ba.

Aikin ya yi kyau. An sha ciwo, an sha bandeji, an yi makonni Auta ba ta ɗaga hannu sama. Likita ta ce akwai ɗan bambanci har yanzu, irin na kowa. Da ta warke sarai aka ɗaura aure, gida ya cika da ƴan'uwa da dariya.

Wata safiya bayan hutun amarci suka makara. Ya rako ta bakin titi, suna isowa motar haya na tashi. Auta da rabonta da gudu a gaban mutane tun tana yarinya, ba ta tsaya tunani ba. Ta saɓa jaka ta falla, hannuwa na lilo, mayafi na tashi, har ta cim ma motar ta shige.

Ya iso yana haki, ya dafa taga.

"Malama, dama haka kike da gudu?"

Ta dube shi tana dariya, numfashinta na fita da sauri.

"Ni ma yau na sani."