Kujerar Da Na Bar Masa

"Ki ce musu ba ki so," in ji Ɗahiru.

Na ɗauka kunnena ne. Muna tsaye a bakin ruwa a Yelwa, jiragen masunta suna ta shigowa, ni kuwa ko hular kwanon da na dawo da ita daga aiki ban ajiye ba. Da safen ranar aka bugo waya daga Sakkwato cewa ni aka zaɓa babbar injiniyar shiyyar Yawuri, mai kula da hanyoyi da gadoji tun daga Shanga har Ngaski. Na rugo da murnata wurin mutumin da zan aura bayan sallah, ga abin da ya tare ni da shi.

"Ɗahiru... mi kac ce?"

"Hansatuna, kin san ba ni da kamarki duk duniya. Amma ina kika taɓa ganin miji shi ce ma matarshi ranki shi daɗe?"

Tare muka yi karatun injiniya a Zariya, tare aka ɗauke mu aiki, tare aka turo mu gida. Ranar da leburori suka ƙi jin maganata a hanyar Ngaski, wai su mace ba za ta nuna musu kwaɓin siminti ba, Ɗahiru ne ya tsaya a bayana har suka ɗauki shebur. Tun daga ranar na ba shi zuciyata gaba ɗaya, ban rage ko ta cefane ba. Da aka kira mu ganawar ƙarin girma, ni na zo ta ɗaya, shi na biyu.

Mahaifiyarsa, Hajiya Dudu, dama ba ta taɓa ƙaunata ba. A wurinta ni ce mai wuni cikin maza da takalmin danko. Sannan ga Asama'u, 'yar kawunsa, mai buga tafireta a ofishinmu, wadda ta riga ni isa gidansu da labarin, ta kuma ƙara masa gishiri son ranta. Kafin magariba Hajiya ta rantse, in dai na hau kujerar nan, ɗanta ba zai aure ni ba tana numfashi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Tana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya cika mata ido, ta saurare ni har na gama.

"Ɗiyata, wanga hayaƙi da nis sha, don ki hau wagga kujera na, ba don ki ɗauke ki miƙa ma wani ba."

Na ce mata ba ta san Ɗahiru ba ne. Allah ya yafe mini, haka na ce wa uwata.

Ɗahiru ne ya raka ni tasha ranar da zan tafi Sakkwato in ce ba na son kujerar. Ya kira ni hasken idonsa, ya kira ni uwar 'ya'yansa, sannan ya roƙe ni kada in ambaci aure a can, don kada a mai da shi abin dariya. In ce kawai ina ganin nauyin ya fi ƙarfina.

Haka na faɗa. Daraktan, wani dattijo mai furfura, ya yi ta juya ni, yana tambaya ko wani ne ya tsorata ni. Na sunkuyar da kai na maimaita abin da aka biya mini. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in tashi in tafi.

Kujera ta koma kan na biyu. Na san haka za a yi, har daɗi na ji, ina cewa ai duk gida ɗaya za ta shiga. Ni na zaɓa masa shaddar da ya sa ranar da ya kama aiki.

Aka ba shi motar Fijo da direba. Aka ɗage biki daga bayan sallah zuwa bayan damina, wai aiki ya yi masa yawa. Zance ya koma sai an ga dama. Wata safiya aka ce oga, wato Ɗahiru, yana kirana. Na wuce Asama'u a bakin ƙofa, tana buga tafiretarta tana murmushi, ta gaishe ni da wata irin ladabi da ba ta taɓa yi mini ba.

Bai ce in zauna ba. Ya yi dogon bayani, idonsa a kan tebur. Wai mutane sun fara magana. Wai bai dace shugaba ya auri wadda ke ƙarƙashinsa ba, duk abin da ya yi mini za a ce son kai ne. Wai Hajiya ma har yanzu ba ta sauko ba.

"Da ni ka samanka, bai dace ba," na ce. "Yanzu kai ka samana, bai dace ba. To yaushe za shi dace, Ɗahiru?"

"Ki yi haƙuri, Hansatu. Na mai da ke Shanga, ko zukata su huce."

Hansatu kawai. 'Yar "na" ɗin nan ta ƙarshen sunana ma ya karɓe abarsa.

A Shanga na ji labarin aurensa da Asama'u, daga bakin direban tifa mai kawo mana tsakuwa. Na yi kuka har na gode Allah. Na tsane shi, na tsani kaina fiye da shi, kuma abin kunya, in na ji ƙarar Fijo sai gabana ya faɗi. Inna ta zo ta kwana biyu wurina, ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Sai na zuba kaina cikin aiki. Akwai wani rafi da ke raba manoman shinkafa da kasuwa duk damina, na gina masa gada. Kowane rodi da idona aka ɗaure shi. Ruwa ya zo a shekarar kamar zai tafi da gari, ya cinye kwalbatoci a wurare da dama, gadata tana nan.

Bayan kaka manya suka zo daga Sakkwato duba aiki, da sabon darakta, don dattijon nan ya yi ritaya. Ɗahiru yana gefensa, ya yi ƙiba. Daraktan ya sauka har ƙarƙashin gadar, ya shafa ginin, ya yi mini tambayoyi na amsa. Da ya hawo ya ce akwai shiyyar da ba ta da shugaba, kuma bai ga abin da mai irin wannan hannu take yi a ƙasa ba.

Na dubi Ɗahiru. Kalma ɗaya nake nema a wurinsa, ko ma shiru.

Ya yi murmushi.

"Ranka shi daɗe, ƙwararriya ta, babu shakka. Sai dai ba ta iya ɗaukar nauyi. An taɓa ba ta, da bakinta tac ce ya fi ƙarfinta."

Daraktan ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne.

Ga leburorina a tsaye, ga manya, ga direbobi. Na haɗiye kunyata na faɗi komai. Na ce shi ya roƙe ni, shi ya biya mini abin da zan ce, don ya yi alkawarin zai aure ni.

Wani ya yi dariya a baya. Ɗahiru ya girgiza kai a hankali, irin na mai tausayin marar lafiya.

Daraktan bai yi dariya ba.

"Na yarda da ke, injiniya," ya ce. "Amma wadda soyayya tas sa ta yi ma shugabanninta ƙarya, ba ni iya ba ta shiyya."

Suka shiga motocinsu. Ɗahiru ne ya buɗe wa daraktan ƙofa. Ina tsaye suka bi ta kan gadata ɗaya bayan ɗaya suka wuce, ko girgiza ba ta yi ba.