Madubi da Almakashi

Ranar da ya fara shigowa shagon hoto, tana tsakiyar gyara bidiyon bikin wasu. Dogon saurayi ne, riƙe da waya mai tsagaggen gilashi. Kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, mai shagon ya fito, ya yi faɗan an bar fanka a kunne, ya fice. Ƙofa na rufuwa saurayin ya turo ciki, ya saki leɓe, ya maimaita faɗan da muryar mai shagon, har da tarin da ke biyo baya.

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar ta kalli gajeren wasan barkwancin da ya ɗauka.

"Ya yi tsawo," ta ce. "Abin dariyar ya ƙare tun nan, kai kuma ka ci gaba da surutu."

"Haka kike yi wa kowa?"

"Wanda zai gyaru kaɗai."

Abokansa Madubi suke ce masa, don duk wanda ya zauna da shi sau ɗaya ya kwashe shi kenan, tafiya da murya da yadda yake sosa ƙeya. Ita kuma ya laƙaba mata Almakashi. Shi ya ɗauka, ita ta yanke, su ɗora a shafinsa. Masu kallo suka fara taruwa. Saƙonninsa ma suka fara fita daga batun aiki.

"Almakashina, na kwaikwayi duk garin nan, ke kaɗai na kasa. In na zo kan dariyarki sai in tsaya kallo."

Ta amsa: "Rabin farkon ya isa. Amma bar shi haka."

Da magana ta yi nisa, ya je gaida mahaifinta. Baba shi ne shugaban ma'aikata a wani gidan buga takardu, mutum mai tsare gida. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: in ana masa magana sai ya karkata kai, ya haɗa gira, ya ce, "Sake faɗa." 'Ya'yansa sun taso suna tsoron wannan kalma, don duk ƙaryar da aka sa ka maimaita sai ta karye. Madubi ya fito daga falon gumi ya jiƙa masa riga, amma an ba shi izinin zuwa.

Bai daɗe ba ya kawo mata sabon wasa. Shi ne saurayin, shi ne kuma surukin, da farin alli a gemu.

"Ni injiniya ne, Baba."

"Sake faɗa, yaro."

"Na kusa zama injiniya."

"Sake faɗa."

"Maƙwabcinmu injiniya ne."

Ta gane mahaifinta tun daga karkata kan farko. Ta yi dariya har sai da ta kifa kai a tebur. Da hannunta ta jawo hoton kusa da fuskar, ta maimaita karkatar sau uku, ta sa ɗan kiɗa a ƙarƙashi. A ganinta ai babu suna, babu wanda zai sani.

Bidiyon ya tashi fiye da duk abin da suka taɓa yi. Ya shiga wayar 'yan kasuwa, ya shiga ta ɗalibai, ya kuma shiga gidan buga takardu. A can babu mai buƙatar suna. Yara masu koyon aiki suka riƙa karkata kai a bayan Baba. Wata rana direban da ke kawo takarda ya leƙo ta taga ya ce, "Sake faɗa, yaro!" Duk ɗakin injin ya kwashe da dariya.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dawo gida ya cire takalmi, ya kira ta.

"Shi ya yi, na sani. Wa ya gyara?"

"Ni ce, Baba."

"Kada ya sake tako min gida."

Madubi ya goge bidiyon a ranar. Amma an riga an kwafe shi ko'ina, wasu har sun ɗora nasu a kai.

"Na goge. Na roƙi masu shafuka su cire, suna min dariya. Ki bar ni in zo in durƙusa masa."

"Kada ka zo. Kada ka kira. Tare muka yi, kuma ni ce 'yarsa."

"Almakashi, ki yi min rai."

Ta tura masa duk ayyukansa da ke kwamfutarta, ta share nata.

Abin da ya fi ci mata rai a gida yake. Baba ya daina cewa a sake faɗa. Ya daina karkata kai, yana zaune wuya a miƙe kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Duk abin da aka faɗa masa sai ya ce, "To." Ƙaninta ya ce masa ya faɗi jarrabawa, ya ce, "To, madalla." Ta ɗauka fushi ne, ta shige ɗaki ta toshe baki da filo.

A cikin wannan hali ɗan abokin Baba, mai shagon magani, ya fito neman aurenta. Ba shi da aibu. Yana zuwa a kan lokaci, yana tambayar lafiyar kowa, kallon bidiyon barkwanci kuwa ya ce ɓata caji ne. Da Mama ta tambaye ta ra'ayinta, ta ce, "To."

Madubi ya rufe shafinsa. Ta ji labari ya koma sayar da gilashin waya a shagon yayansa. Wata rana ta hango shi ta tagar mota, wani kwastoma na roƙonsa ya kwaikwayi tsohon nan na bidiyo. Ya girgiza kai ya ci gaba da goge gilashi. Ta juyar da fuska kafin ya ɗago.

Mama ce ta gaji. Suna cin abinci ta ajiye cokali, ta zagaya ta zauna a daman mijinta.

"Malam, gidan nan kowa 'to' yake cewa. Kai 'to', 'yarka 'to'. Haka za mu aurar da ita, tana 'to' kamar wadda za a yi wa allura?"

Washegari Baba ya sa aka kira Madubi. Ya zo ya rame, ya zube a bakin kafet. Ita tana tsaye jikin labule.

"Tashi," in ji Baba. "Yi ni."

"Baba, ka yi min afuwa."

"Ka yi wa duniya. Yi min in gani."

Ya miƙe. Ya karkata kai, ya haɗa gira, ya faɗi kalmar. Muryar Baba ce sak, sai dai hawaye na bin fuskar. Babu wanda ya yi dariya.

"Wane ɓangare ka juyo?"

"Dama, Baba."

"Don me?"

"Haka na gani. In an yi maka magana ta hagu sai ka juyo. In ta dama ce ba ka yi."

"Ka lura da wannan?"

"Na lura. Ban tambayi kaina dalili ba."

Baba ya ɗora yatsa a kunnensa na hagu. "Wannan ya mutu tun kafin yarinyar nan ta shiga makaranta. Ƙarar inji ce. Na daman ma yana bin sahu. Shugaban ma'aikata da ba ya ji, sallamarsa ake yi, shi ya sa na bar su suna zaton tsanani ne. Uwarsu kaɗai ta sani."

Ta zame ta zauna a ƙasa. Ta tuna yadda ta jawo hoton kusa, ta maimaita sau uku, ta sa kiɗa.

"A zama ɗaya ka ga abin da 'ya'yana ba su gani ba," Baba ya ce wa Madubi. "Ido kana da shi. Hankalin ne ya makara." Ya juya gare ta. "Ke, wannan kike so, ko mai magani?"

Ta amsa can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba," in ji shi. Ba ta taɓa jin ya furta haka ba a rayuwarta. "Zo ta nan, ki ɗaga murya."

Ta rarrafa zuwa damansa. "Shi nake so, Baba. Ka yafe min."

"Yafiyar za ta zo, ki ba ta lokaci. Shi kuma ya turo manyansa."

Mai magani ya janye ba tare da rigima ba. Bidiyon bai mutu ba, har yau yana yawo. Madubi ne ya raka Baba asibitin kunne kafin biki. Likita ya ce na hagun ya tafi, na daman za a sa masa na'ura.

Aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan aiki. Da aka kawo su gabansa, Baba ya dafa kanta da hannu ɗaya, kafaɗar angon da ɗayan. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata, bai kuma rage ta ba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya rufa muku asiri, ya ba ku 'ya'ya masu tausayinku."

Ta matso daf da kunnensa na dama.

"Amin, Baba," ta ce da ƙarfi.

"Na ji," in ji shi.