Wanda Ya Hana Motar Baturiya Tashi

Da hantsin Asabar, Mashkura, malamar asibiti, ta shigo caji ofis na Dutse tana haki.

"Yallaɓai, an sace takardar izinin motarmu. In babu ita direba ba zai tashi ba, kuma bayan azahar za a mayar da motar gareji."

Sufeto Idirisu ya bi ta. A hanya ta ce wata uku ta yi tana shirya wa ƙungiyar matasan ma'aikata tafiya fadamar Baturiya kallon tsuntsaye. Maza gaba, mata baya, babu jawabai, babu zagayen gaishe-gaishe. Mutum talatin suka rubuta suna, alhali bara bakwai kacal suka je.

A ofishin ƙungiya ya duba durowar da aka ajiye takardar. Ba a ɓalle kwaɗo ba, amma akwai ɓarɓashin goro a ciki.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Baba Jaji, uban ƙungiya. Shekara goma shi ke shirya tafiya."

Direba Muntaka ya rantse bai shiga ofishin ba.

"To sawun baƙin man nan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ruwa kawai na sha, yallaɓai."

Sufeto ya dubi haƙoransa, farare tas, ya ƙyale shi.

Baba Jaji na zaune a tabarma, baki ja wur.

"Rabona da ofis tun Alhamis. A caje ni."

Aljihunsa goro ne da carbi. Sai dai Sufeto ya lura gumi na zubo masa, amma ko sau ɗaya bai ture hularsa baya ba.

Aka kira azahar. Sufeto da kansa ya kawo masa buta. Da aka zo shafar kai, tsohon ya zura yatsu ƙarƙashin hula.

"Baba, a cire ta mana, alwala ta cika."

Takardar ta faɗo, an ninke ta huɗu.

"Ni na ɗauka," in ji shi a hankali. "Tafiya ba jawabi, ba a tsaya an gaishe da manya ba? Ko shawarata ba a nema ba."

Sufeto ya ce, "Shekara goma ana nema, Baba, mota na tafiya rabi. Bayan salla sai mu je ofis."

Da ɗan sanda ya sa shi gaba, Mashkura ta leƙo ta tagar mota.

"Yallaɓai, in ya ba da bayani a sallame shi. Baɗi kujerar gaba tasa ce."

Muntaka ya tayar da mota, cike maƙil.