Alewar da Kaka Ta Roƙa

Wani yaro ne ɗan aji biyar. Yana zaune da iyayensa da kakarsa, mahaifiyar babansa. Shi da Kaka kullum cikin tsokanar juna suke. Ita tana kiransa Maigida, shi kuma yana kiranta Uwargida.

Kaka tana da ciwon suga. Likita ya hana ta shan zaƙi. Mama ce ke auna mata abinci, ita ce kuma ke ba ta magani. Kowa a gidan ya san da haka, har da yaron.

Wata rana ya dawo daga makaranta da murnarsa.

"Uwargida, gobe Malama za ta kai mu tsohuwar unguwa, mu ga gine-ginen mutanen da."

Kaka ta ajiye ɗinkin da take yi. "A can fa aka haife ni," in ji ta.

Ta leƙa ƙofa, ta ga Mama tana kicin. Sai ta rage murya.

"Idan kun shiga ta babbar ƙofa, za ku wuce masu gyaran takalma. Daga nan sai lungun maƙera. A ƙarshensa akwai wata 'yar rumfa. Ba sai ka tambaya ba, hancinka zai kai ka. Alewa suke yi da madara da riɗi. Babu irinta ko'ina."

"Amma ai Mama ta ce..."

"Ku ji mini rowar miji!" Kaka ta katse shi. "Mazan wasu tsaraba suke kawowa. Nawa kuwa sai dokar likita. To, ni na fasa auren."

Ta yi dariya. Amma yaron ya ga idonta ya ciko da ƙwalla. Abin ya tsaya masa a rai.

Washegari Malama ta shige gaba, yara suna biye da ita. Hanyoyin unguwar matsattsu ne, mota ba ta shiga. Bangayen masu kauri ne, ƙofofin kuma na katako, sun yi baƙi don tsufa. A kowace kwana akwai mai sayar da abin ci. Nan ana suya, can ana gashi. Hayaƙi da ƙamshi sun cika ko'ina.

"Ku riƙe hannun juna," in ji Malama. "Mai son sayen wani abu ya duba wanda aka rufe, ba wanda ƙuda ke bi ba."

Suka shiga lungun maƙera, ƙarar guduma ta cika musu kunne. Can sai yaron ya ji ƙamshin madara da dafaffen sukari. Ga rumfar nan, kamar yadda Kaka ta faɗa.

Wani dattijo ne a ciki. Ya juye alewar a faranti, ya bari ta sha iska. Sannan ya rataya ta a ƙugiya, yana ja yana ninkawa, har ta yi fari. Ya barbaɗa mata riɗi, ya yayyanka da almakashi.

Yaron ya miƙa duk kuɗin tararsa. Dattijon ya cika masa takarda.

"Duk kai kaɗai, samari? Haƙoranka fa!"

"Da ƙannena," in ji yaron. Alhali kuwa ba shi da ƙani ko ɗaya.

Ya tura ƙunshin can ƙasan jakarsa.

Da ya isa gida, ya wuce ɗakin Kaka kai tsaye. Ta buɗe takardar. Ta sa ɗaya a baki, ta lumshe ido.

"Ita ce," in ji ta a hankali. "Ba ta canza ba."

"Ɗaya kawai, Uwargida."

"Ɗaya kawai. Sauran ajiyewa zan yi ina kallo." Ta tura ƙunshin ƙarƙashin matashi. "Kada Mamanka ta ji."

Amma Kaka ba ta tsaya a ɗaya ba. Duk lokacin da ɗakin ya zama ba kowa, sai ta ɗauki wata.

Ba a daɗe ba jikinta ya fara canzawa. Ta sha ruwa, ta ƙara sha, ƙishirwa ba ta tafi ba. Ta ce tana gani dishi-dishi. Ta daina tsokana. Wata safiya Mama ta kai mata shayi, ta same ta kwance, maganarta ma ba ta fita sosai.

Aka garzaya da ita asibiti. Aka ɗebi jininta, aka sa mata ƙarin ruwa. Yaron ya tsaya a bakin gado yana kallon hannunta. Bai taɓa ganin Kaka ta yi shiru haka ba.

Likita ya shigo. "Sugan ya hau sosai," in ji shi. "Ta sha wani abu mai zaƙi?"

"Ko kaɗan, Likita," in ji Mama. "Ni nake dafawa, ni nake aunawa."

"Magani fa?"

"Ba ta taɓa tsallakewa ba."

Likita ya sake duba sakamakon gwajin jinin. "Dole mu san dalili. Idan ba abinci ba ne, to akwai wata cuta a ɓoye. Sai mun nemo ta."

Baba ya dubi Mama. Mama ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Ko ni ce na yi kuskure ban sani ba?"

Yaron ya ɗago kai. Ya tuna Kaka ta ce kada Mama ta ji. Ya dubi Kaka, ya dubi Mama.

"Ni ne," in ji shi. "Alewa na sayo mata. Tana ƙarƙashin matashinta."

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Da yawa?" Likita ya tambaya.

"Cike da takarda."

Likita ya gyaɗa kai. "Yanzu na san abin da zan yi. Gara da ka faɗa."

Da suka fito baranda, Mama ta zaunar da shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka san likita ya hana?"

"Na sani, Mama. Tausayi ta ba ni."

"Ni ma tana ba ni tausayi. Kullum sai ta roƙe ni, kullum sai na ce a'a. Kana tsammani daɗi nake ji?"

Yaron ya fashe da kuka. "Ki yafe mini."

Mama ta jawo shi jikinta. "Na yafe. Da ka zo wurina, da mun tambayi likita tare."

Kullum aka tashi daga makaranta sai ya wuce asibiti. Ya zauna kusa da gadon, ya yi mata fifita. Da Kaka ta samu ƙarfin magana, ta kira Mama.

"'Yata, kada ki ga laifinsa shi kaɗai. Ni babba, ni na sa shi. Ke ma ki yafe mini."

"Ya wuce, Inna. Ki dai warke mana."

Kaka kuwa ta warke. Ranar da aka sallame ta, yaron ne ya riƙo hannunta har mota. A gida Mama ta koya masa yanka kokwamba, ya kai mata da kansa. Kaka ta ɗanɗana, ta yatsina fuska, sannan ta cinye tas. Kowa ya yi dariya.

Daga ranar yaron ya gane abu biyu. Son mutum ba shi ne ba shi duk abin da ya roƙa ba, kula da lafiyarsa ne. Kuma duk abin da aka ce ka ɓoye wa iyayenka, to shi ne ya fi kamata ka faɗa musu.