Mai Samfurin Masaka

Ƙarfe ɗaya ta ɗan gota Rukayyat ta sauko daga ofis tana waige-waigen mai babur ɗin da zai kawo mata saƙo. A bakin get ba ta ga babur ba. Wani dogon saurayi ta gani cikin farin yadi, rungume da leda.

"Ke ce Rukayyat? Ni ne Fu'ad, mai shafin intanet ɗin da kika sayi kwat a ciki."

"Oga da kansa? Ina ɗan saƙon naku?"

"Akwai abin da nake so ki gani kafin ki karɓa."

Ya zaro kwat ɗin, doguwa ruwan toka, ya juyo cikin hannun hagu. Ɗinkin ya ɗan karkace, sai an ƙura ido ake gani.

"Yau da safe na lura, bayan na riga na sa hoto. In kin fasa ba komai."

Ta dubi ɗinkin, ta dube shi.

"Daga Masaka ka taso saboda wannan?"

"Daga Masaka."

"To na gani, kuma ina so."

Ya yi murmushi. Ita kuwa har ta koma kujerarta ba ta daina tuna murmushin ba.

Shekara biyu ke nan Rukayyat tana aiki a wata hukumar gwamnati a babban birnin tarayya, kuma duk hawa na huɗu an san ta da iya sa kaya. Ba ta taɓa ɓoye inda take samu ba, ba a dai tambaye ta ba ne. Manyan kamfanonin sutura na waje kan fara ɗinka guda ɗaya na gwaji, a ɗauke shi hoto, a nuna wa dillalai, sai a buga masa tambarin da ke nuna na gwaji ne a cikin wuya a ajiye. Wannan shi ne samfuri. Daga baya yakan faɗo kasuwar gwanjo ta intanet da araha. Can Fu'ad yake farautarsu, ya kawo shagonsa, a wanke a goge, ya sa a shafinsa.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Salam. Da fatan kwat ta zauna daidai."

"Kamar don ni aka ɗinka."

"Ni ma abin da na raya ke nan tun a bakin get, kunya ce ta hana ni faɗa."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Ashe 'yan kasuwa suna jin kunya."

Daga nan hira ta buɗe. Ya koya mata yadda ake gane samfuri na gaske, yadda ake neman hoton tambari da na cikin aljihu kafin a saya, da yadda ake haƙuri har mai kaya ya gaji ya sauke farashi. Ta gano ya karanta harkar masaƙa a jami'a, ya yi shekara uku yana yawo da takardu daga ma'aikata zuwa ma'aikata, sannan ya ajiye su ya kama wannan sana'a. Shi yana ce mata Rukayyatuna, ita tana ce masa Oga, har sunan ya bi shi.

Wata Asabar ta buɗe shafinsa ta yi turus. Wata koriyar abaya da ya ce ya ajiye mata ita kaɗai, ga ta a jikin wata kyakkyawar mace tana dariya, a cikin shagonsa. Kwana biyu ba ta ɗaga kiransa ba.

"Rukayyatuna, me na yi? In laifi ne ki faɗa min sunansa in san da me zan ba da haƙuri."

"Ka tambayi mai koriyar abaya."

Ba a yi minti biyar ba wata baƙuwar lamba ta kira ta, muryar wata mace da Hausarta ba ta gama nuna ba.

"Anti Rukayyat, ni ne Rosemary, tela na shago. Wallahi ni ya gwada tsawon ne kawai, tsawonmu ɗaya. Hoton ma mijina Timothy ta ɗauka, ta yi kuskure ta sa a shafi. Oga Fu'ad kwana biyu ba ya cin abinci, ki taimake mu, ya dame mu!"

Rukayyat ta yi dariya har da ƙwalla. Ta rubuta masa: "Ka ci abinci, Oga. Na yafe laifin da ba ka yi ba."

Babbar matsalar a gida take. Mahaifinta ya rasu tun tana sakandare, mahaifiyarta Hajiya Yelwa ce ta riƙe gidan ita kaɗai har ta yi ritaya a matsayin darakta. Kuma tuni ta sa ido a kan Abdulhakim, ɗan ƙawarta, wanda ke hawa ɗaya da Rukayyat a ofis, mai mota da gida a Gwarimpa.

"Ɗan gwanjo?" in ji Hajiya ranar da Rukayyat ta kawo mata maganar Fu'ad, ta cire tabarau. "Shekara talatin da biyar na yi ina aiki don ki kawo min ɗan gwanjo?"

"Umma, sana'a ce. Kuma mutumin kirki ne."

"Kowa na kirki ne kafin aure. Masu sayar da kaya a waya, rabin maganarsu ƙarya ce."

A makon ne kuma abin ya faru a ofis. An gama taro, Rukayyat ta rataye kwat a bayan kujera, wata abokiyar aiki ta hango tambarin da ke wuya ta karanta da ƙarfi. Kowa ya juyo yana kallon Rukayyat. Abdulhakim ya biyo ta baranda yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kin ba ni kunya. Gobe in kai ki shago ki zaɓi sabbi, a daina ganinki da kayan da wasu suka sa."

"Ni ban ji kunya ba," ta ce. "Da albashina na saya, kuma jiya kai da bakinka ka yaba ta. Kwat ɗin ba ta canja ba daga jiya zuwa yau."

Ta koma ciki ta ɗauki kwat ɗinta ta sa a gaban kowa. Kafin a tashi, mata uku sun zo a ɓoye suna neman sunan shafin.

Hajiya Yelwa ba mai dogon musu ba ce. Ranar Laraba ta sa tsohon mayafi, ta bar motarta a gida, ta hau ta haya zuwa Masaka ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta sami shagon a bayan masu sayar da doya, ƙarami amma tsaf, Rosemary na kan keken ɗinki.

Fu'ad ya ba ta kujera, ya kawo ruwa.

"Shago zan buɗe a Wuse," ta ce. "Guda talatin nake so. Amma ka cire wannan tambarin na wuya, a matsayin sabbi zan sayar."

"Hajiya, guda talatin akwai. Tambarin ne ba zan cire ba."

"Zan ƙara maka a kan kowanne."

"Ki yi haƙuri, Mama. Wadda za ta saya a wurinki ta yarda da ke ne. In na cire, da hannuna a cikin abin da za a yi mata. Ki sayar da su a yadda suke, wallahi za su tafi. Ni zan nuna miki yadda ake yi."

"Ciniki guda za ka bari ya wuce ka?"

"Wani zai zo, in sha Allahu."

Hajiya ta shanye ruwanta, ta ajiye kofin.

"Wa ke gare ka a garin nan? Manya nake nufi."

"Kawuna Yahuza, yana Abaji."

"Ka ce masa uwar Rukayyat tana jiransa ranar Lahadi."

Keken Rosemary ya tsaya cak. Fu'ad ya zame daga tsaye ya durƙusa, ya shiga sake gaishe ta.

Da ta dawo gida, Rukayyat na kicin. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na je na ga Ogan naki. Shagon ya yi ƙanƙanta, kuma hanyar ba kyau. Amma na yi aiki da manya da yawa da ba za su iya abin da yaron nan ya yi yau ba."

Rukayyat ta saki ludayi ta rungume ta.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu, ranar Asabar da hantsi. Kawu Yahuza ya zo da mota biyu cike da mutanen Abaji, 'yan ofis suka cika rumfa, Rosemary da Timothy suna ta kai da kawo da abinci kamar bikin ƙanwarsu. Da za a fita da amarya bayan la'asar, Hajiya Yelwa, wadda ba a taɓa ganin hawayenta a bainar jama'a ba, ta riƙe hannun 'yarta ta kasa saki.

"Allah Ya yi miki albarka, Rukayyat. Ki riƙe shi da gaskiya. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.

A Mararraba cunkoso ya tsayar da motocin. Amarya na lulluɓe tsakanin gwaggonninta biyu, wayarta ta yi motsi a hannunta mai lalle.

"Ina motar da ke bayanku. Duk ranar Allah ina tsine wa go-sulo ɗin nan, yau kuwa ko a jikina. Matata ce a gabana."

Ta sunkuyar da kai don kada gwaggo ta ga murmushinta, ta rubuta:

"Ka daina kallon motarmu, ka yi mana addu'a."

"Na yi tun a masallaci. Allah Ya bar mu tare har tsufa, Rukayyatuna."

"Amin, mijina."

Motar gaba ta motsa, tasu ta bi.