Muryar da ke Ɗakin Ƙasa

Ranar da ta fara ganinsa, yana tsaye ne a bakin matattakalar da ke gangarawa ƙasan gidan tarihi, da tarin makullai a hannu, yana bin ɗalibanta da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Talatin da biyu ne," ta ce masa. "Sau uku na ƙirga su tun daga mota."

"A nan sai an ƙirga sau huɗu, Malama," ya ce yana murmushi. "Wani lokacin mukan fito da fiye da waɗanda muka shiga da su."

'Yan matan suka saki ƙara suna ƙanƙame juna. Ita kuwa harararsa ta yi, amma dariya ta kusa kufce mata.

Malamar tarihi ce a makarantar 'yan mata. Abin da ya kawo ta shi ne layi ɗaya tak a littafin aji, wanda ya ce an gina babbar madatsar ruwa, an tashi ƙauyuka tara. Shi ke nan. Ɗalibanta suka tambaye ta ina mutanen suka tafi, ta rasa amsa. Sau uku tana rubuta wa hukumar adana takardu, kafin wani ma'aikaci ya ce mata an taɓa naɗar muryoyin mutanen shekara hamsin da biyar da suka wuce, kuma faya-fayen suna ƙasan gidan tarihi.

Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Sanyi ne da shi irin na cikin randa, ga warin tsohuwar takarda. Ya ɗora faifai a kan wata tsohuwar na'ura, ya murɗa. Sai ga muryar wani dattijo tana lissafa gidajen unguwarsu, gidan maƙeri, gidan mai jaki uku, gidan da aka haifi tagwaye.

Babu yarinyar da ta motsa. Da Malama ta waiga, sai ta ga leɓunan saurayin suna tafiya tare da na dattijon, kalma da kalma. Ta kasa ɗauke ido daga kansa.

Daga nan ta riƙa dawowa duk ranar Laraba bayan an tashi, wai don ta zaɓi abin da za ta koyar. Ya nuna mata taswirar ƙauyukan, ya koya mata yadda ake riƙe faifai ba a taɓa fuskarsa ba. Abokan aikinsa Mai Makulli suke kiransa. Ita kuwa Ɗan Ƙasa ta raɗa masa.

"Saboda kishin ƙasa?" ya tambaye ta.

"Saboda a ƙasa kake wuni. Ko rana ba ta san ka ba."

"Ai takan sauko min duk Laraba."

Ta sunkuyar da kai tana gyara littattafan da ba su buƙatar gyara.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, tun da kika tafi ɗakin ya ƙara sanyi. Tsofaffina ma sun yi shiru, ina jin kewarki suke yi. Ni dai ban ce komai ba."

Ta mayar masa:

"Ka gaishe min da su, ka ce ina nan tafe. Kai kuma da ba ka ce komai ba, ka hau sama ka ci abinci."

Wata biyar suna haka, sannan ya nemi izinin zuwa ya gaida mahaifinta.

Sai dai wani ya riga shi. Mataimakin shugaban makarantarsu ya daɗe yana sonta, ita kuma ta daɗe tana ba shi haƙuri. Shi ya je ya sami Baba, ya ce masa yaron nan ba kalau yake ba, wuni yake cikin rami yana hira da matattu.

Ranar da ta kawo maganar, Baba yana shan shayi a falo, Umma na ninke wanki.

"Wane irin aiki ne ma yake yi?" Baba ya tambaya.

"Muryoyin tsofaffin mutane yake kula da su, Baba. Na ƙauyukan nan da ruwa ya cinye."

Kofin ya bugi faranti har shayi ya zube.

"Ba zan ba da 'yata ga mai tono abin da aka binne ba," ya ce. "Kada ya tako min gida. Ke ma kada ki ƙara taka wurin."

"Baba, amma..."

"Na gama magana."

Ya shige ɗaki. Ta dubi Umma, Umma ta girgiza kai. "Shekara talatin ina tare da shi, bai taɓa gaya min garinsu ba. Ki bi a hankali, 'yar nan."

Washegari da la'asar ta tafi ta gaya wa Ɗan Ƙasa da bakinta. Hadari ya haɗu, an ɗauke wuta a duk unguwar, mai gadi ya ce mata yana ƙasa. Ta kunna fitilar waya ta soma gangarawa. A tsakiyar matattakala ta tsaya cak.

Muryar mace ce ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, mai taushi, a kusa sosai.

"Zo nan, ɗan lelena. Zo ka jingina da ni. Ina nan, babu inda zan tafi."

Sai ta ji muryarsa, can ƙasa-ƙasa: "Na'am. Ina jin ki."

Ba ta san yadda ta haye matattakalar ba. A cikin ruwan sama ta tari mota, tana kuka tana rubuta masa:

"Ashe ba tsofaffi kaɗai ke taya ka hira ba. Allah ya bar ku tare. Kada ka neme ni."

Kwana tara ba ta ɗaga kiransa ba. Mataimaki ya riƙa tsayawa a ƙofar ajinta yana tambayar lafiya, tana amsa masa a taƙaice. A rana ta goma ta tarar da Ɗan Ƙasa a bakin ƙofar makaranta. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Minti goma kawai nake roƙo, Malamata. Idan kin ji, kika ce in tafi, zan tafi."

Ta bi shi ba don ta yafe ba, sai don yadda muryarsa ke karyewa.

A ɗakin ƙasa ya nuna mata wani faifai marar suna, marar kwanan wata.

"Wannan tun da na kama aiki zarensa a tsinke yake, ba a taɓa jin abin da ke cikinsa ba. Ranar nan na ɗora shi ne don in duba inda zan liƙe, sai wuta ta ɗauke. Ina zaune cikin duhu ina lalubar ashana, na ji ta."

"Ba wuta fa ka ce."

"Ba wuta. Na'urar nan kuma ba ta da batir, duba da kanki."

Ta duba. Igiyar wuta ce kawai a bayanta.

"To me ya sa ka amsa?"

"Tsoro ne ya kama ni. Kuma a gidanmu idan babba ya yi magana amsawa ake yi." Ya nuna mata faifan. "Kwana tara na yi ina liƙe shi. Zauna ki ji."

Faifan ya soma juyawa. Wani ma'aikaci ya yi tambaya, wata mata ta soma amsawa, tana cewa ita ba za ta bar kabarin mijinta a ƙarƙashin ruwa ba. Can sai kukan yaro ya katse ta.

"Zo nan, ɗan lelena. Zo ka jingina da ni." Muryar ce sak. "Ku yi haƙuri, malam, jiya ya dafa murhu da hannun hagu, duk tafin ya saɓule. Kawo in hura maka. Ina nan, babu inda zan tafi."

Nan take Malama ta tuna. Tun tana ƙarama take wasa da tabon ƙuna da ke tafin hannun hagun Baba, tana tambayarsa, yana cewa ya manta.

"Ka yafe min," ta ce da ƙyar. "Na zarge ka."

"Kishiyar taki ta girme ki da shekara sittin," ya ce, suka yi dariya hawaye na zuba. Sannan ta ba shi labarin tabon da ke hannun Baba.

Umma ce ta san yadda ta yi da Baba. Ta ce masa idan har yana son yaron ya rabu da 'yarsa, to ya je ya gaya masa ido da ido kamar yadda manya ke yi. Da hantsi suka zo su uku. Baba ya gangara matattakalar yana dafa bango, fuska a ɗaure.

Ɗan Ƙasa ya durƙusa har ƙasa. "Barka da zuwa, Baba. Duk abin da kuka yanke zan bi. Amma akwai amanar da nake jin taku ce, ku bari in miƙa muku ita tukuna."

Bai jira amsa ba ya murɗa na'urar.

Da matar ta fara magana, Baba ya ɗaga kai kamar wanda aka kira daga nesa. Da yaron ya fara kuka, sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu yana kallo. Da ta ce babu inda za ta tafi, ya sulale kan kujera.

"Inna," ya ce. "Inna ce."

Faifan ya ƙare yana ta kaɗawa, ba wanda ya tashi ya kashe.

"Shekarata bakwai," Baba ya ce daga baya. "An ɗora mu a mota, ta ce in jira ta, za ta je ta yi wa babana sallama ta dawo. Motar ta tashi. Ranar aka saki ruwa. Ba hotonta, ba kabarinta. Har muryarta ta ɓace min, na yi ta ƙoƙarin tunowa na kasa. Sai na hana kaina tunani gaba ɗaya."

Malama ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Ɗan Ƙasa ya gaya masa yadda faifan ya yi magana cikin duhu, a tsinke, ba wuta. Ya ce har yau bai san yadda aka yi ba.

Baba bai yi mamaki ba. Ya share ido da hannun riga. "Ta gaji da jira ne."

Ya nemi biro. Da hannunsa ya rubuta sunan mahaifiyarsa da na ƙauyensu a jikin kwalin faifan, ya miƙa wa saurayin.

"Shekara nawa kana gadin su?"

"Shida, Baba."

"Ba ka san ko ɗaya daga cikinsu ba?"

"Ban san kowa ba. Na dai ga bai kamata a bar su su kaɗai ba."

Baba ya dube shi ya daɗe. "Ka turo manyanka."

Kafin bikin, Baba ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya sa fararen kayansa ya je makaranta, ya tsaya gaban aji ya ba 'yan matan labarin ƙauyensu, tun daga rijiyar bakin kasuwa har zuwa ranar motoci. Mataimaki da kansa ya ɗauko masa kujera, ya tsaya a bayan aji har aka gama. Da aka fito ya ce wa Malama, "Na yi miki ba daidai ba. Allah ya sanya alheri." Bayan mako biyu wasu iyaye uku suka aiko cewa su ma daga can suke, suna so a naɗi tasu muryar.

An ɗaura auren wata safiyar Asabar, gida ya cika har waje. Ana cikin hidima saƙonsa ya shigo:

"Amaryata, an ce yanzu ke tawa ce. Na sa an maimaita min sau biyu don kada kunnena ne."

Ta rubuta masa, ƙawayenta na leƙe suna tsokana:

"Ba kunnenka ba ne, angona. Ni ma na ji."

Da za a tafi da ita, Umma ta rungume ta tana kuka tana cewa a yi haƙuri da juna. Baba ya kira angon, ya kama hannunsa ya ɗora a kan na 'yarsa.

"Na ba ka ita," ya ce. "Ka riƙe ta yadda ka riƙe waɗanda ba ka ma sani ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'ar da za ta san daga inda ta fito."

Duk wanda ke wurin ya ce amin.